Gwaggo, Wutar Asibiti da Haddar Baba

Wanda ya ba mu aron Gwaggo ya karɓi abinsa ranar wata Talata a tsakiyar kakar tumatir, kuma gare shi dukkanmu za mu koma. Da hantsi ta rasu, kafin azahar mutane sun kai har bakin kanal ɗin ban ruwa. Matan unguwa masu turara shinkafa suka bar tukwanensu a kan wuta. Na ga fuskokin da ban taɓa gani ba. Akwai wata tsohuwa daga Bunkure da aka sauko da ita daga kan acaɓa da ƙyar, akwai wani dogon Bafulatani da ya jingine sandarsa a bango ya zauna yana share ido da bakin rawani.

Duk wanda aka tambaya ina ya san ta, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ta yi mana alheri." Ba mai faɗin wane alheri ne. Ni na san dalili. Gwaggo ta yi shekara talatin tana aikin nas a asibitin masu taɓin hankali a birni, mu kuwa a nan mutum zai fi sauƙin gaya maka yana da basir da ya yarda wani nasa ya taɓa kwana a can.

Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya taɓa yin shekara biyu ba ya cin abincin da ya fito daga ɗakinta, shi ya fi kowa kuka. Baba ne ya yi mata salla, muna jiyo kabbararsa daga cikin gida, muryar ba ta ko yi rawa ba. Washegarin sadakar uku ya sa aka kira ni zaure.

"Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce mini Yaya ce ta ceci raina," in ji shi. "Nakan ce haka ne. Amma wallahi ban tuna ko ɗaya ba. Watannin nan babu su a kaina. Ke kina wurin, kuma kin yi boko. Rubuta mini abin da ta yi."

Shi ya sa na ɗauki biro. Ba tarihin Gwaggo zan kawo ba, don ban isa ba. Abin da idona ya gani zan faɗa, har da wuraren da ni kaina ban yi abin kirki ba.

Gwaggo ce babba a ɗakinsu, sai Baba, sai Baffa. Gidanmu gidan allo ne tun kakanni. Lokacin da aka ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya a sa shi boko, kakanmu ya ƙi ba da namiji don kada karatunsa ya lalace, ya miƙa ta. Takan yi dariya ta ce, "Ni aka jefar, ni kuma na dawo musu da allura." Da ta yi ritaya, mijinta ya riga ya rasu, sai ta dawo gida ta shiga sana'ar matan Kura, ta sayi tukwane biyu ta fara turara shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba. Sauran mata da hanci da yatsa suke gane shinkafa ta yi. Ita kuwa agogon aikinta take maƙalawa a ƙirjin riga, tana tsaye a kan tukunya tana duba shi. Sun yi mata dariya har suka gaji, sai da suka ga tata ba ta karyewa a inji, sannan suka fara leƙowa ta katanga suna tambayar ƙarfe nawa.

Gaisuwarta ma daban ce. Ba ta tsayawa a ina kwana da ina gajiya. Sai ta kafe ka da ido ta ce, "Kana barci? Kana cin abinci?" In ta shiga gidan mutane, kwanon da aka fito da shi daga ɗakin mai gida take fara buɗewa. In an ce wance aljanu sun shige ta, ba ta musu, sai dai ta ce, "To, a yi mata addu'a, a kuma kawo ta in gan ta. Kai ma jiki ne." Wannan magana, wato kan mutum ma yana ciwo kamar kowace gaɓa, na ji ta daga bakinta ya fi a ƙirga.

Yara kan kira ta Gwaggo mai shokin, saboda kowa ya ji cewa a asibitin can ana jona wa mutane wutar lantarki a ka, kuma ita ce mai riƙe kan. Ina ƙarama, in ta zaunar da ni kitso yatsunta suka sauka a gefen kaina, tsakanin ido da kunne, sai jikina ya ɗauki ɓari. Ta ce, "Zauna, sakarai, hannuna ba waya ba ce."

Shekarar da wayar hannu ta fara shigowa garinmu, Inna, mahaifiyata, ta kwanta kwana biyar ta rasu, ana tsakiyar yankan shinkafa. Baba bai zubar da hawaye ko ɗigo ba. Jama'a suka yi ta yabo, suna cewa ga haƙuri irin na gwanaye. Baba gwani ne, izu sittin a kansa tun bai yi gemu ba, ya kuma rubuta da ka. Da ya daina fitowa karantarwa, aka ce juyayi ne. Da ya daina magana, aka ce halwa ya shiga. Da ya daina cin abinci, na rantse da Allah akwai waɗanda suka fara zuwa ƙofar ɗakinsa suna durƙusawa neman albarka, wai ya kai wani matsayi. Ni da na dawo gida daga ɗakin mijina don in kula da shi, har daɗi nake ji in na ji ana faɗin haka.

Gwaggo kaɗai ce tun ranar sadakar bakwai ta ce, "Haƙurin nan bai yi mini ba." Kullum sai ta buɗe kwanonsa ta ga tuwo yadda aka kai shi. Baffa ya yi rubutu, ya yi tofi, ya kira malamai daga nesa. Ba ta hana ba, ita da kanta take ɗura masa rubutun da cokali, ta ce ko ba komai ruwa ya shiga cikinsa. Ta ɗauki shatar mota ta kai shi wurin likita, aka ce ciwon damuwa ne mai tsanani, aka ba da ƙwayoyi. Sai dai ƙwaya tana son makonni kafin ta yi aiki, tana kuma son a haɗiye ta, Baba kuwa ya damƙe haƙora. Wata uku da rasuwar Inna, mutumin da ke cika zaure ya koma ana ɗaukarsa da hannu ɗaya. In ka ɗaga hannunsa sama, nan zai bar shi. Likita ya ce abin da ya rage shi ne shokin, kuma ba a da lokaci.

Rigimar a tsakar gida aka yi ta, da safe, a kan tabarmin shanyar shinkafa.

"Yaya, kina cikin hankalinki kuwa?" in ji Baffa. "Kan da ke ɗauke da izu sittin za ki kai a jona wa wuta? Ki ce mini ba ta goge tunani!"

Na zaci za ta musanta. Sai ta ce, "Tana gogewa. Ba duka ba, amma tana ɗauka. Yawanci abin da ya faru kwana kusa take tafiya da shi, tsohon abu yakan zauna. Abin da na gani ke nan a shekara talatin. Amma ban yi maka alkawari ba, don na ga waɗanda ta ɗaukar wa fiye da haka."

"To, gara ya koma ga Allah da karatunsa, da ya rayu fanko."

"Auta," in ji ta, "kai ne za ka zaɓa masa mutuwa? Da ƙafarsa ce ta karye, za ka bar shi ya ruɓe don kada ɗori ya yi masa zafi? Kai ma jiki ne."

Suka juyo kaina su biyu, don ni ce babbar 'yarsa. A nan ne zan faɗi laifina. Bayan Baffa na bi. Na ce ban yarda ba. Na ce mata ita ba ta san darajar hadda ba tun da boko aka kai ta. Har yau in na tuna wannan magana sai kunya ta rufe ni. Ba ta mare ni ba, ko da yake na cancanta. Ta duba agogonta ta ce, "Ɗauko hijabinki, mu je ki ga ɗakin da idonki, sannan ki zage ni da hujja."

Ɗakin ba abin da na zata ba ne. Gado ɗaya, tulun iska, da wani akwati da bai fi rediyon Baba girma ba. Ma'aikatan duk yaranta ne, ita ta koya musu aiki, suna ta rusunawa suna Sista, Sista. Ta nuna mini robar da ake sa wa a baki don kada mutum ya ciji harshe, da ƙarafa biyu masu faɗin kwabo da ake ɗorawa a gefen kai. Ta ce wutar daƙiƙa kaɗan ce, aikinta ta tayar da farfaɗiya ta ɗan lokaci a ƙwaƙwalwa, kuma wannan girgizar ce ke kawo sauƙi. Na ce ta yaya? Ta ce, "Masu binciken ma suna kan nema. Ni dai na ga waɗanda aka kawo a kwance sun fita da ƙafarsu." Ba ta ɓoye mini munin abin ba. Ta ce da can, lokacin tana sabuwar nas, ido biyu ake yi, ƙarti huɗu su danne mutum, har ƙashi kan goce. Ta ce akwai fuskokin da har yau take neman gafarar Allah a kansu. Saboda haka ta kafa wa likita sharaɗi, ba za a taɓa ƙaninta ba sai ranar da mai allurar barci yake nan, da allurar da ke sakar da jiki.

Da muka dawo ta sami Baffa ta ce, "Ga ciniki. Kai mahaddaci ne. Ka zo da mus'hafi ka zauna a bakin ƙofa. Duk ranar da aka yi masa, ka ja masa baƙi. Ranar da ya buɗe baki ka ji harafi ɗaya ya faɗi, ni da kaina zan ce a tsaya." Baffa ya ce ya ji. Ni na sa hannu a takardar asibiti.

Ranar farko, an hana Baba ko ruwa tun daren jiya, ko da yake ba wani hani ba ne ga wanda ya riga ya daina ci. Aka bar ni na tsaya daga bakin labule. Gwaggo ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta tsaya a saitin kansa, ta tallafe haɓarsa da tafukanta, ta sunkuya tana yi masa magana a kunne da sunan da uwarsu ke kiransa da shi yana yaro. Ta ce, "Ni ce, ba inda za ni." Allura ta ɗauke shi. Likita ya danna maɓallin akwatin. Ni da na shirya jin ihu, abin da na gani kawai fuskarsa ta ɗan yamutse, yatsun ƙafarsa suka yi ta motsi, ita kuma idonta na kan agogon ƙirjinta, kamar yadda take tsayawa a kan tukunya. Kafin in gama addu'ar da na fara, an gama.

Ya farka, Baffa ya ja masa baƙi. Shiru. Bayan kwana uku aka sake, nan ma shiru. Baffa ya fito yana huci ya ce, "Kin gani ko? Kin ƙone shi." Ta ce, "Dā ma shirun ka kawo, ba ni na sa masa ba. Ciniki dai sai ya buɗe baki." Amma a mota na ga tana ta murza bakin mayafinta har ya yi laushi, na gane ita ma tsoron take ji.

Bayan karo na uku, ina ba Baba kunu da cokali, sai na ji ya haɗiye. Ya sake haɗiyewa. Ya yamutsa fuska ya ce, "Wa ya dama wannan? Ba tsamiya." Ni na dama, kuma ban taɓa jin daɗin kushe kamar na ranar ba.

Ranar na huɗu ce ranar gwaji. Baffa bai yi masa sauƙi ba. Ya buɗe can tsakiya, wuraren da ayoyi ke kama da juna suna rikita mahaddata, ya ja farkon aya ya tsaya. Baba ya lumshe ido. Har masu shara suka tsaya da tsintsiya. Sai murya ta fito, siririya, a shaƙe, amma daram a kan hanya. Ya yi shafi, ya yi biyu. Baffa ya tsallaka wani wuri, Baba ya bi shi. Baffa ya sake tsallakawa, a garin sauri ya gajarta wani harafin da ake ja. Baba ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Auta, ja shi. Tun kana yaro nake gaya maka." Gwaggo ta juya mana baya ta fuskanci taga, kafaɗunta suna motsi. Wannan ne karo ɗaya da na ga ta yi kuka.

Sau shida aka yi masa aka sallame mu. Da a nan labarin ya ƙare da na ji daɗi, amma wutar ta karɓi ladanta. Muna hanyar gida, mun kusa gari, Baba yana kallon gonaki ta taga, sai ya ce, "Ikon Allah, yaushe aka yanke shinkafa har tumatir ya nuna?" Can kuma ya juyo gare ni ya ce, "Innarku ta san yau za mu dawo? Da an aika ta dafa mini dambu."

 Baffa ya yi mini alama da ido in yi shiru. Gwaggo ta ce wa direba ya tsaya. Ta fito da Baba, ta zaunar da shi a kan dakalin siminti na bakin kanal, ta durƙusa a gabansa duk da ita ce babba, ta kama hannuwansa biyu. Ta ce, "Ɗan'uwana, ni zan gaya maka, ba wani ba. Uwar yaranka ta rasu wata huɗu ke nan. Kai ka yi mata salla. Ciwon rashinta ne ya kwantar da kai, maganin da na sa aka yi maka kuma shi ya ɗauke maka tunawa." Baba ya dube ta, ya dube ni, sannan ya fashe da kuka irin na ƙaramin yaro, kukan da bai yi ba wata huɗu da suka wuce. Masu ban ruwa suka ajiye bututunsu suna kallonmu. Ba ta ce ya yi haƙuri ba. Ta bar shi ya yi har ya gaji, ta ɗebo ruwa ta wanke masa fuska.

Baffa ya ce, "Kin sa ya yi rashi sau biyu." Ta ce, "Na sa. Ɗora mini, zan ɗauka." Daga ranar ya daina cin abincinta. Tana aika masa kwano kullum, kullum yana dawowa a rufe, ita kuma ba ta fasa ba har shekara biyu, sai da wata rana kwanon ya dawo a wanke.  Sai a zaman makokin nan na ji sauran. Na tambayi dogon Bafulatanin wa ya nuna masa gidanmu lokacin da matarsa ta rikice bayan haihuwa. Ya nuna Baffa da haɓa ya ce, "Malam ƙarami. Ya ba ni rubutu, ya ce in na fita in zaga ta ƙofar baya in ga yayarsa, kada in ce shi ya turo ni." Da na lissafa, a cikin shekarun nan biyu da yake gaba da ita ne.

Baba ya koma zaure, yana shan ƙwayoyinsa, Gwaggo na buɗe kwanonsa kullum. Shekara shida ke nan, ya saukar da ɗalibai da yawa.

A damina ta ƙarshe da Gwaggo ta gani, wani likita ya yi bayani a rediyo cewa a ƙasashen waje ana gwada wata na'ura mai maganaɗisu. Ana ɗora ta a gefen kai, mutum yana zaune a kujera ido biyu, ba allurar barci, ba farfaɗiya, kuma ba ta taɓa tunani kamar shokin. Gwaggo ta manne kunne da rediyo har shinkafarta ta zarce, abin da bai taɓa faruwa ba. Wata maƙwabciya ta ce ai akwai maganaɗisu a cikin tsohuwar lasifika, bari ta ɗaura wa mijinta a ka. Gwaggo ta ce, "In kin ɗaura masa, allurai kawai zai riƙa kwasowa." Da aka watse ta ce mini, "Ga irin ciwon ubanki, da ya kai ga ƙin ci, ba na jin wannan zai yi saurin da ake so. Amma in suka ci gaba da nema, wata rana za a tayar da mutum ba tare da an karɓe masa komai ba. Ina so in ga ranar." Ba ta gani ba. Ni dai na yarda tana zuwa, tun da ita ta faɗa, kuma ba ta saba faɗin abin da ba ta auna ba.

Wannan ƙarshen daga baya na ƙara shi. Ranar sadakar arba'in, bayan la'asar, na karanta wa Baba duk abin da ke sama. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Koma wurin da ta riƙe kaina." Na karanta. Ya ce in sake. Na sake. A karo na uku na ga leɓɓansa suna bi na, yana ɗan rangaji gaba da baya yadda yake yi in yana ɗaukar sabon allo. Sai ya ɗaga mini hannu in tsaya, ya lumshe ido, ya kawo shi da ka tun daga wanke hannunta har zuwa "Ni ce, ba inda za ni," bai tsallake kalma ɗaya ba.

Ya shafa fuska ya ce, "Allah ya haskaka kabarin Yaya, ya tallafe ta yadda ta tallafe ni." Na ce amin. Ya miƙo mini takardun ya ce, "Ajiye abinki. Yanzu na riƙe."